Injin Kawu da Ciwon da ke Ɓuya

Minti goma sha biyar, in ya yi kirki ashirin. Iyakar aikin da injin Kawu yake yarda ya yi ke nan a ranin 1997. Da safe ja biyu ko uku ya tashi, ya cika daji da ƙara har a jiyo shi a ƙauyen gaba, takobinsa ya nutse cikin gungumen maje kamar wuƙa a kabewa. Sai an yi nisa, an kai tsakiyar falanki, daidai inda tsayawa ke karkatar da layi, sai ya soma tari, ya yi atishawa ta salansa sau biyu, ya yi tsit. Daga nan ko kafaɗa za ta goce ba zai tashi ba. A ajiye shi a inuwa, a dama fura a sha, bayan kamar rabin awa a ja igiya, ya tashi garau kamar ba shi ba.

Ni ne yaron inji. Shekarata goma sha huɗu, kuma duk Asabar da Lahadi da hutun makaranta ina bayan Kawu, ƙanin mahaifiyata, a dazukan da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, gaba da Buruku. Ni ke ɗaukar galan ɗin fetur da jarkar baƙin mai, ni ke riƙe buhun sifana da magagari. In an kayar da bishiya an datse ta ƙafa goma sha biyu, ni ke tsoma igiya cikin baƙin mai, mu ja ta tsawon gungume, in ɗaga tsakiyarta in saki, ta bar baƙin layi a miƙe. Wannan layin Kawu yake bi da ido da hannu kawai, ba wata na'ura, ya fitar da tu-bai-fo da tu-bai-sikis da faffaɗan falanki da 'yan katako za su zo su ɗauka a mota. Har yau in na ji warin ɗanyen maɗaci haɗe da hayaƙin fetur, sai in ji yunwa, don lokacin da warin ya fi ƙarfi shi ne lokacin da muke kwance ƙullin garin kwaki.

Injin kuwa Stihl 070 ne, wanda masu sana'ar ke kira ziro-sebinti. Samansa ruwan goro, jikinsa fari mai toka-toka, duk da cewa a hannunmu mai da dusar katako sun mayar da shi launin tukunya. A jikinsa an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka ƙera shi, kuma ƙasa mai wannan suna ta daina wanzuwa tun 1990, don haka ko a lokacin ya kwana biyu. Kawu na hannu ya saya, daga wani da shi ma na hannu ya saya. Ƙarfinsa sisi 106, wato ya ɗara wasu baburan da ake haya da su a gari, faɗin fistinsa milimita 58. In an ɗaura masa doguwar takobi da sarƙa aka cika tanki, yaro kamata ba ya ɗaukarsa sai a ka. Ba shi da robobin rage girgiza, shi ya sa in Kawu ya tashi aiki yatsunsa kan ɗauki lokaci kafin su iya riƙe kofin shayi. Kunnensa na hagu kuma tun ban san shi ba ya yi nauyi.

Ba na faɗin wannan don in yi wa injin kirari. Ina so ne mai karatu ya gane cewa wannan ƙarfen shi ne gonar gidan a lokacin rani. Da shi ake sayen taki kafin damina, da shi aka yi wa 'yar Kawu ta fari gado da kwanuka. Inji mai aikin minti ashirin da hutun minti talatin kuwa ba ya fitar da kuɗin man da ya sha.

Kawu yana da ƙa'idarsa, ya kuma koya mini ita tun kafin wannan ciwo: irin wannan inji abu uku yake nema, wuta da mai da numfashi, kuma da mai araha ake farawa. Don haka fulogi muka fara kwancewa. Fulogi ba ya ƙarya in ka iya karanta shi. In bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, lafiya lau. In ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, to a kashe inji nan take, iska ta fi mai, fistin na gab da ƙonewa. Namu baƙi ne jiƙe. Muka wanke shi da fetur, muka goge da samfefa, muka daidaita tazarar bakinsa rabin milimita, muka jingina shi da jikin inji Kawu ya ja igiya. Wuta shuɗiya, tas-tas. Duk da haka aka sayo sabo. Minti goma sha bakwai ya yi.

Sai zargi ya koma kan mai, kuma zargi ne mai hujja. Zamanin Abacha ne, farashin gwamnati naira 11 lita, amma a takarda yake. Gidajen mai a rufe, inda aka buɗe layi ya kai kwana biyu, mu kuwa na daji sai wajen 'yan bumburutu. Wasunsu na tsoron Allah, wasu kuma suna surka fetur da kalanzir. Kawu yakan ɗiga kaɗan a farar takarda ya ɗaga a iska: fetur zalla ya bushe ya bar takarda fes, mai surki ya bar tabon maiƙo. Wata rana ya yi hayar babur har cikin Kaduna, ya kwana a layi, ya dawo da galan huɗu daga famfo. Na haɗa shi da hannuna yadda muka saba, gwangwanin madara ɗaya na man inji a galan ɗaya mai lita huɗu. Sai da na girma na lissafa na ga ashe kashi ɗaya ne cikin ashirin da biyar, daidai da abin da ake so ga irin man da muke samu a lokacin. Wanda ya fara gano awon gwangwanin madara, Allah ya saka masa. Injin ya sha mai mai kyau, ya yi minti goma sha biyar, ya mutu.

Akwai wata 'yar ƙofa da iska ke bi ta shiga tanki yayin da mai ke raguwa. In ta toshe, inji kan yi irin wannan hali sak: ya yi aiki, ya shaƙe, ya mutu, ya farfaɗo bayan an jima. Ana gane ta da buɗe murfin tanki da zarar ya tsaya, in an ji ya ja iska fuu, to ita ce. Mun buɗe, ba mu ji komai ba. Muka zaro matatar da ke cikin tanki da lanƙwasasshiyar waya, muka sauya tiyon mai don ya soma taurin tsufa, muka wanke matatar iska. Muka cire salansa muka jefa ta cikin wuta har baƙin da ya daskare a ciki ya zama toka muka kakkaɓe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ci mana yini guda, don ba a sanin ko an dace sai an koma daji an sa shi cikin itace.

Kafireta ce ta fi ba ni sha'awa, ita ce kuma ta fi cin ranmu. Ta inji irin wannan ba kamar ta babur ba ce mai kwano da abin iyo, don zarto ana juya shi ta ko'ina, a kwance, a tsaye, har a kife. A maimakon kwano, wasu siraran fatu ne na roba a ciki, bugun numfashin inji ke motsa su suna tsotso mai daga tanki. Kawu ya shimfiɗa farin buhu a tsakar gida, ya kori kaji da yara, ya jera kowane ƙarfe bisa tsarin da ya fito. Akwai wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi, muka kwashe la'asar guda muna tankaɗe ƙasa da rariyar matar Kawu. Fatun sun bushe sun yi kamar ganda, lallai suna bukatar canji, an kuma canza. Aka mayar da kusoshin nan biyu, mai alamar L ta ƙaramar wuta da mai alamar H ta babbar wuta, kowace aka ɗaure a hankali har ta zauna sannan aka warware zagaye ɗaya. Muryar injin ta yi daɗi fiye da yadda na taɓa ji. A ranar har Kawu ya saya mini tsire a hanya. Washegari a tsakiyar wani kawo, minti ashirin cif, tari, atishawa, shiru.

Daga nan magana ta bar hannun masu sifana. Kakata ta ce tun farko ta hana a taɓa bishiyoyin da ke kusa da tsohuwar tsamiyar bakin rafi. Wani maƙwabci ya ce baki ne, falankin Kawu ya fi na kowa miƙewa, kuma ba kowa ke son haka ba. An kawo rubutu a kwalba, Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sha rabi, sauran ya tsaya yana kallon injin yana tunanin inda zai zuba da ba zai shiga kafireta ba. A takobi ya shafa.

Wanda ya fi cutar da mu ba aljani ba ne. Wani matashin bakanike ne a cikin gari, mai shago da allo da yara uku. Bai tayar da injin ba ma. Ya ji bayani, ya kaɗa kai, ya ce fistin da zobe sun gaji, in ƙarfe ya yi zafi sai ya saki numfashi. Magana ce mai kama da gaskiya, don hakan na faruwa. Amma da ya leƙa ta ƙofar salansa da ya ga fistin sumul ba ƙarzuwa, da ya ɗaga injin da igiyar tayarwa da ya ga yadda yake sauka a hankali, daki-daki, alamar numfashi na nan daram. Kawu ya san duk wannan. Sai dai mutum in ya yi wata guda ba ciniki, yakan fi gaskata mai allo a kan idonsa. Aka sayar da tunkiya da buhun dawa, aka sa sabon fistin da aka rantse mana ɗan asali ne. Tsohon na Jamus yaron shago ya jefa a kwandon tarkace, ni kuma na faki ido na ɗauke na sa a aljihu, ba don na san komai ba, don dai yana da kyau.

Ba sai na faɗi minti nawa ya yi ba.

Direban da ke ɗaukar mana katako ne ya ce mu gwada wani tsoho mai gyaran Besfa a wata rumfa bayan tasha. Kawu ya ce me mai Besfa ya sani a zarto. Direban ya ce shi dai ya ga duk abin da ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, tsohon nan yana jin yarensa.

Mun same shi yana cin goro, tabarau ɗaure da zare. Rumfar ba allo, ba yaro, sai gwangwanayen Bournvita cike da notuna. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwashe labari tun daga fulogi har fistin. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce:

"Duk wannan dubawa da kuka yi, yana da zafi kuka yi ta ko ya huce?"

Kawu ya ce, "Baba, ai sai mun dawo gida muke kwancewa."

"To ai lafiyayye kuke ta dubawa. Mai zazzaɓin dare kuke kai wa likita da hantsi." Ya juyo gare ni. "Kai ɗan nan, ga kututture can bayan rumfa. Ku ba shi aiki har ya faɗi."

Wani busasshen kututturen ɗorawa ne da masu shayi ke faskara. Kawu ya yi ta yanka shi ƙafa-ƙafa, mutanen tasha suka taru, masu shayi suna murna. Tsohon ya riƙe sifanar fulogi a hannu ɗaya, tsumma a ɗaya, yana tsaye kamar mai jiran haihuwa. Da injin ya yi atishawarsa ta biyu ya mutu, kafin sarƙa ta gama tsayawa ya cire fulogi da zafinsa, ya jingina, ya kai mu cikin duhun rumfa ya ce a ja. Kawu ya ja. Wutar da muka saba gani shuɗiya ta koma wata 'yar ja-ja mai raurawa, ta zo a ja ɗaya, ta ƙi zuwa a uku. Muka zauna ya gama goronsa. Bayan rabin awa ya ce a sake ja. Shuɗiya, tas-tas.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Sati shida, tunkiya, buhun dawa, kwana a layin mai.

Tsohon ya cire murfin igiya da fanka, ya sa wani abin zaro da ya ƙera da kansa ya fitar da faifan maganaɗisu. Ya fara duba ɗan makullin da ke riƙe faifan a kan sanda, don in ya karye lokacin wuta kan goce, ya ga lafiya. A ƙarƙashi ga kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa duk zagaye, fuskokinsu sun ƙone sun yi ramuka. Ya nuna mini da bakin sukudireba, ya ce kwantak ba ya ƙonewa haka kawai, a nemi wanda ya bar shi ya ƙone. Sai ya taɓa wani ɗan gwangwani da bai kai kan ɗan yatsa ba. Kwandansa.

Yadda ya bayyana mini, kuma ban sami wanda ya fi shi ba har a littafi: duk sanda kwantak ya buɗe, wuta tana so ta yi tsalle ta bi shi. Aikin kwandansa ya tare ta, ya shanye ta na ƙiftawar ido, don ta yanke kaf, kwayil ya harba ta da ƙarfi zuwa fulogi. A cikinsa siraran takardu ne da ƙarfe a naɗe. In ya tsufa, da sanyi yana riƙewa, in zafin inji ya ratsa shi sai ya yi yoyo, wuta ta tsaya tana cin kwantak, fulogi ya samu saura. Kwayil ma kan yi irin wannan hali, in ji shi, amma kwayil da tsada, kuma ga shaida a fuskar kwantak, don haka a fara da ɗan gwangwani. Ƙa'idar Kawu ce dai, da mai araha ake farawa, sai dai mu ba mu san akwai mai arahar a wurin ba.

Ba shi da kwandansan Stihl, bai kuma damu ba. Ya zazzage gwangwani ɗaya ya ɗauko na Besfa. Bai shiga gurbin ba, ya yi girma. Sai ya cire tsohon, ya bi wayar da ke tafiya daga kwantak zuwa makashin inji, ya haɗa sabon a jikinta daga waje, ya ɗaure shi a jikin ƙarfe da noti da wayar tagulla, inda iska ma za ta riƙa bugunsa. Ya goge fuskokin kwantak da ɗan siririn magagari, ya yago kwalin taba ya zura tsakaninsu ya daidaita tazara, ya sake zura farar takarda ya share maiƙo. Da ya tuna labarin fistin sai ya tambaya ina tsohon fistin ɗin. Na zaro shi daga aljihu ina jin kunya. Ya jujjuya shi a haske, ya ce wa Kawu, "Ka mayar da wannan. Ka ba yaron nan tukuici."

Kuɗin da ya karɓa bai kai na galan ɗaya a wajen 'yan bumburutu ba. Kawu ya ƙara masa, ya mayar da ƙarin, ya ce a kawo masa guntayen katako ya gyara bencinsa. Ranar kututturen ɗorawa ya ƙare tas injin bai yi tari ba.

Ya yi mana aiki shekaru bayan haka, kuma a nan ne labarin yake yi mini nauyi. Ina alfahari da ranar rumfar nan, amma na san abin da muka tayar. Kawu yana karɓar takarda wajen malamin daji, ba ya kusantar dajin Kamuku tun kafin a mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ba ya taɓa kaɗanya ko ɗorawa mai rai don abincin mutane ne. Duk da haka maɗacin da mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, mu muka kwantar da shi cikin rabin awa, kuma ban taɓa ganin mun dasa ko ɗaya ba. Kowace shekara sai mun ƙara nisa kafin mu sami abin yanka. Daga baya aka zo ana wawason madobiya ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Kawu bai shiga wannan ba, lokacin hannunsa ya riga ya gaji. Dazukan da muka sha fura a inuwarsu kuwa, shekarun nan masu bindiga suka mayar da su gida, har hanyar ma sai da ta zama abin addu'a kafin a hau.

Na tambayi labarin tsohon da na dawo daga karatu, aka ce ya rasu, rumfar ta zama shagon cajin waya. Injinan yanzu ba su da kwantak ba su da kwandansa, wutarsu a cikin wani dunƙulen baƙin roba take, in ya mutu a jefar a sayi wani. Ya fi sauƙi, ban musa ba, kuma ba ya bukatar kwalin taba.

Bara da na je gaishe da Kawu na tarar da ziro-sebinti a ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin buhu, ba takobi. Ya ce kafin ya ajiye sai da ya juye tankin ya bar shi yana aiki har ya shanye na cikin kafireta, don kada tsohon mai ya cinye fatun. Na jawo shi, na ɗaga da igiya, ya sauka a hankali, daki-daki. Na yi masa magana ta kunnen dama na ce ko zai sayar. Ya ce an taya sau uku. Kwandansan Besfa yana nan a gefe, da wayar tagullarsa.